Zauren Tambaya da Amsa: Ɗiyata ce ke da waswasi, don me likita zai ce ni zan riƙa zuwa asibiti?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da aiki. Dan Allah a sakaya sunana. Nan Gusau muke zaune, ina da ɗiya mace shekarunta 11 tana aji shida na firamare. Tun bayan azumin bara ta faro wani abu, in ta duƙa alwala sai ta ƙarar da buta uku huɗu, ta wanke hannu ta sake ta sake har bayan hannun nata ya yi fari ya tsattsage awa na mai wankau da hunturu, kuma kullum tambaya guda ce, "Mama na wanke daidai? Mama ba najasa ga zanena?" In na ce babu ta ce in rantse, in na rantse ta tahi, ba a minti biyar ta dawo. Da fari har daɗi nike ji ina cewa Allah ya ba ni ustaziya, yanzu kam wallahi abin ya fi ƙarfina. Sallar asuba sai rana ta fito, makaranta kullum latti, kayanta daban nike wanke mata ban haɗawa da na ƙannenta, na saya mata butarta da dardumarta ba mai taɓawa don in anka taɓa ranar ba zaman lafiya gidan. Ba irin ruƙiyyar da ba a yi ba, ta sha rubutu, babanta ya zane ta har sau biyu sai ma ta koma yi a ɓoye. Ƙanena ya kai mu wurin wani likitan ƙwaƙwalwa a Sakkwato, ya ce ciwon waswasi ne wai OCD, akwai zama da ake yi da yaro ana koya mishi. Da munka dawo ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta komawa don ita ba mahaukaciya ba ce. Sai likitan ya ce to ni da babanta mu riƙa zuwa, wai ana yi wa yaro magani ta hannun iyaye. Babanta ya ce wanga cin kuɗi ne kawai, ina anka taɓa barin mai ciwo gida a kai lafiyayye asibiti? Ni kuma abin ya tsaya min a rai, nufinsu ni na ja mata ciwon? Anti wanne ya fi, mu tilasta ta ta je, ko mu mu je?

Mahaifiya mai damuwa, Gusau

AMSA

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ta lafiya. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki: ba ke kika ja mata ba. Ciwon waswasi yana da nasaba da gado da yadda ƙwaƙwalwar mutum take aiki, yana kama 'ya'yan masu zafi yana kama 'ya'yan masu sanyi, kuma shekarun nata, daga goma zuwa sha biyu, dama lokaci ne da ya saba ɓullowa. Tambayar babanta kuma ba ta banza ba ce, ni ma ranar da na fara jin labarin wannan hanya sai da na ɗaga gira.

Amma ki zauna ki ƙirga min. Daga asuba zuwa lokacin kwanciya sau nawa take tambayar ki ko ta wanke daidai? A ce sau talatin. Sau talatin ɗin nan kowanne ga abin da ke faruwa: tunani ya faɗo mata cewa akwai najasa, ƙirjinta ya ɗau zafi, ta rugo wurinki, kin rantse, zafin ya sauka. Ƙwaƙwalwarta sai ta rubuta cewa "da Mama ba ta rantse ba da na halaka." Ba ta taɓa samun damar ganin cewa zafin nan ko ba a yi komai ba da kansa yake sauka ba. Kamar ƙaiƙayin ƙurajen zafi ne, susa akwai daɗi a lokacin amma ita ke ƙara tsananta su. Rantsuwar, da wankin daban, da butar da ba mai taɓawa, da ƙannen da aka hana zama kan darduma, duk wannan masana suna da suna guda da suke kiran sa, mu a Hausa sai mu ce biye wa ciwo. Kuma kusan duk uwar da ke da yaro mai irin wannan larura tana yi, don wace uwa ce za ta ga ɗiyarta na kuka kan abin da kalma ɗaya za ta kashe ta hana ta kalmar? Tausayi ne ya sa ki, ciwon ne ya maida tausayin abincinsa. To abin da likitan ke nufi ke nan, rabin igiyar tana hannunki.

Yanzu hanyoyin biyu. Zaman da ake yi da yaro mutane na ɗauka hira ce, a zauna a tambaye shi me ke damun ka a ba shi haƙuri. Irin wannan hirar ba ta cika yi wa waswasi komai ba, wani lokaci ma wurin neman tabbaci take zama, yaro ya maida likitan wata Mama ta biyu. Wanda ke aiki shi ne wanda ake kira CBT, wato horon gyara tunani da ɗabi'a, musamman ɓangarensa na tunkarar abin tsoro. Za a zauna da ita a jera abubuwan da take gudu daga mai sauƙi zuwa mai wuya, sai a fara da na ƙasa, misali ta taɓa butar ƙanenta ta zauna ba ta wanke hannu ba, minti biyar, minti goma, tana jin zafin yana hawa har ya gaji ya fara sauka. Gobe a sake. Kin san wankan ruwan sanyi da hunturu, kofin farko ne tashin hankali, kafin na biyar jiki ya saba. Wani masani Victor Meyer ne ya fara gwada wannan a Landan a 1966, kuma har yau ita ce hanyar da ta fi kowace hujja a kan wannan ciwo. A 2004 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan yara 112 masu waswasi, 'yan shekara 7 zuwa 17, na tsawon mako 12. Waɗanda aka haɗa musu wannan horo da ƙwayar sertraline kusan 54 cikin ɗari ciwon ya lafa musu, masu horo kaɗai kusan 39, masu ƙwaya kaɗai 21, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kuwa ba su kai 4 ba. Na kawo miki lissafin ne don ki ga abu biyu, horon ya fi ƙwaya ita kaɗai, sannan ko mafi kyawun hanya ba sha yanzu magani yanzu ba ce.

Matsalar ita ce wannan horon sai da yardar yaro. Ana iya danne yaro a yi mishi allura, ana iya toshe mishi hanci a ɗura mishi maganin zazzaɓi, amma ba yadda za a yi a danne shi ya jure tsoro da son ransa. In kuka ɗaure ta a mota kuka kai ta Sakkwato za ta zauna ne ta haɗe rai ta kalli silin, ku dawo da kuɗin mota a ciki.

Daga nan ne hanya ta biyu ta samo asali. Wani masanin halayyar yara a Jami'ar Yale ta Amurka, Eli Lebowitz, shi da abokan aikinsa suka tsara wani shiri da suka sa wa suna SPACE, inda yaron ba ya zuwa ko sau ɗaya, iyaye ne ke zuwa. Sun gwada shi kan yara 124 masu ciwon fargaba 'yan shekara 7 zuwa 14, aka raba su biyu, rabi aka yi musu CBT su da kansu, rabi iyayensu kaɗai aka gani, kowane ɓangare zama 12. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna yaran da ba su taɓa ganin fuskar likita ba sun samu sauƙi daidai da waɗanda suka je. Ki karanta wa babanta wannan layin. Sai dai in faɗa miki gaskiya yadda take, yaran wancan binciken masu fargaba ne, irin tsoron rabuwa da uwa da tsoron shiga mutane da yawan zullumi. A kan waswasi kansa gwaje-gwajen hanyar iyaye ƙanana ne tukuna, sun ba da fata mai kyau amma ba su kai nauyin na horon yaro ba. Don haka da ɗiyarki ta yarda, da na ce a yi mata horon ku kuma kuna ciki. Tunda ta ƙi, ku je. Zama jiran ranar da za ta yarda shi ne asarar, ciwon yana ƙara cin fili ne a gidan, yau buta gobe kwano jibi ɗaki guda. Kuma ba abin mamaki ba ne yaron da ya ƙi zuwa, in ya ga gida ya daina tafiya yadda ciwon ke so, shi da kansa ya ce a kai shi.

Abin da ya fi burge ni a shirin nan shi ne ba a ce ki sa ta ta daina komai ba. Ba ƙwace buta, ba tsayawa kanta kina ƙirga mata wanki. Naki halin kawai za ki canza, wanda dama shi ne a hannunki. Ki samu littafin rubutu, mako guda ki riƙa rubuta duk abin da kike yi ko kike bari saboda ciwon, za ki sha mamakin tsawonsa. Sai ku zaɓi guda ɗaya tak, ba duka ba, wanda ke faruwa kullum kuma ke ce mai yin sa. A naki labarin ni rantsuwar nan zan zaɓa. Sai ki samu lokacin da hankalinta ke kwance, ba tsakiyar alwala ba, ƙila da yamma kina mata kitso, ki ce mata wani abu kamar haka: "Na san tunanin najasar nan yana wahal da ke ƙwarai, ba da gangan kike yi ba. Na lura amsar da nike ba ki ba ta taimaka miki, ƙara miki take yi. Daga ranar Asabar in kin tambaye ni zan amsa sau ɗaya, ba zan rantse ba, ba zan maimaita ba. Ba fushi nike ba, ina tare da ke." Su masu shirin har rubutawa suke cewa a yi a takarda a miƙa wa yaro, don kada baki ya kauce a koma gardama.

Ranar Asabar ta zo, ta tambaya kin amsa, ta dawo. Nan ne aikin yake. Maganar da za ki riƙa yi mata ƙafa biyu gare ta, kuma in ɗaya ta ɓace ta gurgunce: ki yarda da wahalarta, sannan ki nuna kin yarda da ƙarfinta. "Na ga abin yana cin ki, kuma na san za ki iya jurewa." Shi ke nan, ki ci gaba da tankaɗen garinki. Kada ki tsaya kawo hujja cewa zanen wankakke ne, hujjar ma rantsuwa ce ta canza riga. Mu iyaye mata mun iya ƙafar farko, "wayyo ɗiyata sannu," iyaye maza sun iya ta biyu, "ke tashi ba komai ba ne," sai a yi ta jan yaro tsakanin lallashi da bulala kowa na ganin laifin ɗaya. Dukan da babanta ya yi kin ga abin da ya haifar, ɓoyewa. Shi ya sa likitan ya ce ku biyu.

Ki shirya, kwanakin farko abin ƙaruwa zai yi. Za ta yi kuka, za ta ce ba ki son ta, ƙila ta ce in sallarta ta ɓaci alhakin na wuyanki, wannan kalmar kuwa tana da zafi ga uwa. Kin yi yaye kin san daren farko da na biyu, kuma kin san abin da ke faruwa in aka ji tausayi aka maida yaro nono a dare na uku, an koya mishi ke nan cewa kuka mai tsawo yana biya. In kin san ba za ki iya riƙewa ba, gara ki rage buri, ki ce sau uku za ki amsa maimakon sau ɗaya, ki tsaya kan ukun.

Wani abu da Turawan da suka tsara shirin ba su cika fama da shi kamar mu ba shi ne yawan jama'ar gida. Ke kin daina rantsuwa, ta zagaya ɗakin kaka, kaka ta rantse mata har da ƙari, ko abokiyar zamanki ta ce kin cika taurin zuciya. Don haka kafin Asabar ɗin ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki yi musu bayani. Amma yawan namu riba ne kuma, don shirin da kansa yana cewa a nemo masu taimako daga dangi, mu kuwa ba mu rasa su ba. Kawunta da ya kai ku asibiti ya riƙa kira yana ce mata ya ji ƙoƙarin da take yi. Malamarsu ta Islamiyya ma a sa ta ciki, domin ɗiyarki tana ganin abin da take yi tsoron Allah ne, maganar malama za ta fi taki shiga a nan. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan ciwo. Cikin Ahalari da yara ke karantawa an ce mai waswasi ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Wankin gaɓa a alwala kuma iyakarsa uku. Kin ga fiƙihu da likita sun haɗu a wuri guda, kada a biye. Sai dai a gaya wa malamar ta faɗa sau ɗaya ta wuce, kada ita ma ta zama wurin zuwa neman tabbaci kullum. Addu'a kuma ku ci gaba da abinku, ba ta hana magani.

Maganar ƙwaya ki bar wa likita, in ya ga ciwon ya yi nauyi zai iya haɗawa, kuma tana ɗaukar makonni kafin a ga aikinta. Kada dai a je kemis a sayo mata maganin barci. Hannun a riƙa shafa mata man kaɗe ko basilin. In ta fara ƙin ci da sha, ko ta ambaci mutuwa ko cutar da kanta, a bar duk wani shiri a tafi asibiti ranar. Kuma ki tambayi likitan ko za a iya yin wasu zaman ta waya, don hanyar Gusau zuwa Sakkwato kowane mako ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani, ga kuɗi ga fargabar hanya.

TAMBAYA

Salam Anti. Ni magidanci ne, mun taso daga wani ƙauye a ƙasar Zuru mun dawo Birnin Kebbi shekara guda ke nan, bayan daren da 'yan bindiga sunka shigo garinmu. Alhamdu lillahi ba a taɓa kowa a gidana ba, amma yarona mai shekara 8 tun daga nan bai kwana sai ya riƙe zanen uwarshi, ya koma fitsarin kwance, in babur ya wuce da dare sai ya zabura, makaranta ga ta nan bayan layinmu amma sai an yi dambe. Wani abokina ya ce mu daina biye mishi, shagwaɓa ce. Haka ne?

Baban yara, Birnin Kebbi

AMSA

Wa'alaikumussalam Malam, Allah ya kiyaye gaba ya maida ku gida lafiya. Na haɗa tambayarka da ta sama da gangan, don kada wani ya karanta waccan amsar ya ɗauke ta ya ɗora wa yaro irin naka.

Yarinyar Gusau tana tsoron abin da bai faru ba. Naka yaron ya ji harbi da kunnensa, ya ga manyan da yake ganin ba abin da ke ba su tsoro suna gudu. A yankin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka sake shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin shekarar, yaron da ya ce yana tsoron makaranta ba za a ce mishi ƙarya yake ba. Zabura da ƙarar babur, da komawa fitsarin kwance bayan ya daina, da manne wa uwa, alamu ne na firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, ba shagwaɓa ba. Kuma tunda an shekara abin bai lafa ba, ya kamata masani ya gan shi. A irin wannan, shi yaron ake so a zauna da shi, a taimaka mishi ya ba da labarin daren nan a hankali, da baki ko da zane, har labarin ya daina kama shi kamar yanzu yake faruwa, ku iyaye kuna gefe ana koya muku naku. Gyaran halin iyaye kaɗai bai isa ba a nan. Ka fara da babban asibitin da ke kusa da kai a Birnin Kebbi ka nemi a haɗa ka da ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, in babu mai ganin yara su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato.

Inda abokinka ya kusa gaskiya shi ne makaranta. Duk ranar da ya zauna gida, komawar gobe ta ƙara nauyi. Amma ba da dambe ba. Ka je ka ga hedimasta ka gaya mishi abin da ya faru, ka raka yaron da kanka, makon farko ko awa biyu ya yi ka dawo ka ɗauke shi ya wadatar, kuma in ka ce ƙarfe goma za ka zo to goma ta same ka a bakin get, don yanzu alƙawarin manya ne yake gwadawa. Mako na biyu a ƙara zuwa lokacin fita cin abinci, a haka har a kai tashi.

Kwanan kuwa kada a fara da shi, a bar mishi zanen uwarshi tukuna. Fitsarin ma kada a yi mishi dariya ko a bari 'yan'uwansa su yi mishi waƙa, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado a wanke da safe ba tare da magana ba. Hirar 'yan bindiga da bidiyon da ake turowa a WhatsApp a daina buɗe su a gabansa, yana jin komai ko da ya yi kamar wasa yake. In makarantar ta zauna, sai a zo kan kwanan, a fara da shimfiɗa mishi tabarma dab da gadon inda hannunsa zai iya kai wa gare ta, bayan kwana biyar ko mako a ja tabarmar taku ɗaya.